Ku Tambayi Tsohon Mushe: darasin iska, hazo da hadari a kolej

Assalamu alaikum masu karatu, ya sanyi ya ƙura? Saƙonnin da sunka taru wannan karon kusan duka kan abu guda ne, darasin yanayi da ake ma yaranmu na kolej, da alama hunturun bana ne ya tado zancen. Na zaɓi biyar, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Mushe ina wuni ya gajiya. Ni ɗan kwantaragi ne bana shekarata biyu ina koyarwa a wani CEG nan cikin Maradi, ina da ƴan sizyam sun hi 80 aji guda kuma ajin na zana ne, ba labo ba komi sai tablo da alli. Na yi musu darasin atmosfer na rubuta sun kwafe sun hardace, ranar gwaji kowa ya zubo min turoposfer sitiratosfer kamar aku, amma da na tambayi wani yaro mi ke kawo hazo sai ya ce min wai sanyi ne. Wallahi raina ya ɓaci. Ya zan yi? Daga wani malami, unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da fama. Amma ka sassauta ma yaron nan, ni a wurina shi kaɗai ne ya ba ka amsa ta gaskiya cikin su 80 ɗin. Sauran abin da ka rubuta sunka maido maka, shi ko abin da idonshi ya gani ya faɗa, tunda anka haihe shi duk shekara sanyi da hazo tare suke shigowa kamar tagwaye, to mi zai ce? Da ni ne sai in ce mishi madalla ka lura, amma ba sanyin ne ya haihi hazon ba, su biyun ubansu guda. Iska ce busassa ke tasowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba har Fabrairu, ta ratso hamada ta kwaso ƙura, kuma kaso mai yawa na ƙurar daga wani kwari take tashi a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gurbin tabki ne da ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Sanyin kuwa saboda iskar ba ta da laima kuma sama ba girgije, zafin da ƙasa ta sha da rana da dare sai ya tsere sama ba abin da zai tare shi, kamar mutum ya kwana ba mayafi. Shi ya sa da asuba haƙora ke kaɗawa amma da azahar kana neman inuwa.

Kuskuren da ni ma na yi shekaru ina yi shi ne farawa da kalmar Faransanci. Ka juya abin. Ka shiga aji ka ce kowa ya kawo kalmar Hausa guda da ta shafi sama ko iska ko ruwa, ka ga yadda tablo zai cika kafin minti goma: yayyafi, marka, raɓa, hazo, guguwa, cida, walƙiya, tsawa, ƙanƙara, bazara, kaka, har gardama za su yi maka kan ko marka ake cewa ko malka. Yaron da ya san bambancin yayyafi da marka ba jahilin yanayi ba ne, suna kawai ya rage ka ba shi na Faransanci don jarabawa. Kuma ka yi hattara da kalmar kilima, ni wata shekara na yi awa guda ina bayani ashe rabin ajin sun ɗauka kilim nike nuhi, na'urar sanyi ta ofis! Ka raba musu gida biyu, meteyo shi ne halin da sama ke ciki yau ko gobe, kilima kuma halin wuri ne na shekara da shekaru, masana kan ɗauki shekara 30 su hidda tsaka-tsaki. Anka yi ruwa jiya a Maradi, meteyo ke nan. Maradi kan samu wajen milimeta 500 a shekara, yawancinshi tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ya hi kowane wata, wannan kilima ne.

Batun iska kuma, yaro ba ya yarda iska wani abu ce sai ya gani. Ka samu bokiti da ruwa da kofin gilashi, ka cusa takarda can gindin kofin ka kifa shi tsaye cikin ruwan har ya nutse, ka hiddo, takarda a bushe. Ka tambaye su wa ya hana ruwan shiga tunda kofin ba komi ciki? Ka yi shiru ka bar su su yi ta hayaniya, kar ka yi saurin ba da amsa, mu malamai wannan cutar ke damunmu. Lissafin 78 da 21 kuma, wato kason iskokin da sunka haɗu sunka zama iskar da muke shaƙa, kar ka rubuta shi kawai, ka ƙirgo farin wake 78 da jan wake 21 da tsakuwa guda ka zuba a faranti, farin shi ne azot, jan shi ne oksijen da muke shaƙa mu rayu, tsakuwar nan guda ita ce duk sauran, har da iskar karbon da ake ta surutu kanta a rediyo wadda take wajen kashi 4 cikin 10,000 kawai. Sunayen hawa-hawan sama su san su tunda suna cikin tsarin karatu, amma ka tsaya kan na ƙasan, turoposfer, don duk hadari da girgije da ƙura cikinshi suke, kuma a yankinmu kaurinshi wajen kilomita 16 ne, bai ma kai tahiyar Maradi zuwa Madarumfa ba. Wannan in ka faɗa musu za ka ga sun waro ido.

Wanda na hi so duka shi ne na bisap. Ka sa yaro ya sayo bisap mai ƙanƙara na dala goma a bakin makaranta ka juye a kofin gilashi ka aje kan tebur. In an jima bayan kofin zai yi gumi. Ka ce daga ina ruwan ga? Wallahi duk ajin da na taɓa yi ma sai sun ce kofin ne ke yoyo. Sai ka kira guda ka ba shi farar takarda ya goge, ka ɗaga takardar kowa ya gani, jiƙa ta jiƙe amma ba ja ko ɗigo. To in yoyo ne ina jan ya tahi? A nan ne za su gane akwai ruwa ɓoye cikin iska, in ya taɓa abu mai sanyi sai ya bayyana, kuma haka raɓa take haka girgije yake. Sai dai ka sani yanzu cikin hunturu kofin da ƙyar zai yi gumi, ko ma ya ƙi sam, kar ka ji kunya, ka sa su rubuta ranar da abin da sunka gani, ku sake yi cikin Yuni in iskar damina ta shigo. Bambancin da za su gani shi ne darasin laima gaba ɗaya, kuma shi zai gaya musu dalilin da ya sa leɓe ke tsagewa da kaushi a Janairu, wanki ya bushe tun ba a gama shanya ba.

Sai ka buɗe kaye guda na aji, kullum yara biyu ke da aiki. Su ɗaura tsumma a kan doguwar sanda su rubuta inda iska ta hito, gabas dai ba wanda bai san ta ba ko don salla. Su tsaya ƙohwar makaranta su duba wani abu mai nisa, shato ko eriyar waya, su rubuta ana ganinshi tas ko dishi-dishi ko ya ɓace. In ka samu ma'aunin zafi na bango ka rataye a inuwa, ban da na farmasi da ake sa ma mara lahiya, shi daga wajen 35 zuwa 42 kawai yake aunawa. Da kansu za su gano ba tsakar rana ta hi zafi ba, sai wajen ƙarhe biyu zuwa huɗu.

TAMBAYA: Mushe barka da aiki. Ni malama ce a Tasawa. Matsalata ita ce ana shiga makaranta Oktoba a tashi Yuni, damina duka cikin babban hutu take, to ta yaya zan nuna ma yara awon ruwan sama alhali duk shekarar karatu ko ɗigo ba mu gani?

AMSA: Malama kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Littattafan da munka yi karatu da su an tsara su ne kan ƙasashen da ruwa ke zuba suna cikin aji, mu ko sai an kulle makaranta sama ke buɗewa. Abin da na riƙa yi shi ne cikin Mayu, kafin hankali ya koma kan jarabawa, in sa kowane yaro ya zo da gwangwani wanda bakinshi da gindinshi faɗinsu guda, irin babban gwangwanin madara ko na tumatir, a yanke murfin tas. Ban da gorar roba, gindinta ba daidai yake ba kuma iska na ɗauke ta. Mu yi gwaji a hilin makaranta da buta, su koyi tsoma regil tsaye su karanta milimeta, su lura kuma lambar 0 ta regil ba daga bakinta take farawa ba sai a ƙara ɗan abin da ya rage. In an tashi hutu kowa ya tahi da nashi gida ko ƙauye, ya ɗora kan turke mai kamar mita guda a hili, nesa da icce da katanga, kullum da sahe lokaci guda ya auna ya rubuta ya zubar. Oktoba a zo da kaye.

Wata shekara wani yarona ya kawo min milimeta 310 a dare guda, ya ja layi biyu ƙarƙashi da jan bik don murna. Na ce kai, da anka yi wannan ruwan a garinku ai da a rediyo zan ji ba a kayenka ba. Da na bi diddigi ashe kakarshi ce ta ga gwangwani a tsakar gida shina ɓata ruwa a banza ta jawo shi ƙarƙashin indararo, shi kuma duk cikar da ya yi sai ya juye ya ƙara a lissafi. Ban hana shi maki ba, gaban aji na kira shi ya ba da labarin, anka sha dariya, kuma daga ranar ba wanda ya sake tambayata don mi ake cewa a aje shi a hili.

Abin da zai ba ki mamaki in kayen sun dawo shi ne yara biyu da ƙauyukansu ke kallon juna, guda ya rubuta 40 ɗayan ya rubuta 5 a rana guda. Ba ƙarya sunka yi ba, haka ruwanmu yake, manoma sun daɗe da sanin gona kan sha maƙwabciyarta na kallo. Ki kuma koya musu lissafin ga, shi ke sa milimeta ta zama abu a idonsu: milimeta 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita guda tsawo mita guda faɗi. Hekta guda ke nan ta sha lita 10,000, tano 50 na lita 200. Ruwan shuka da masu aikin gona kan so ya kai wajen milimeta 20, tano 1,000 ne a hekta guda. Yarinyar da ke tura kura ta ɗebo bido shidda kullum, in ta ji tano dubu ba sai kin ƙara bayani ba. Daga nan ki kai su ga ambaliya, ai ba labarin nesa ba ne, Maradi da can a kwari take bakin gulbi, ruwan 1945 ne ya sa anka maido gari bisa tudu, kuma yaran da kansu sun ga na 2024 da gidaje sunka zube anka yi rashe-rashe, har komawa makaranta sai da anka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Amma nan ki taka a hankali, cikin ajin ba a rasa wanda abin ya taɓa gidansu.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Yaron wajena shina sankyam, bara da damina ya shigo gida ya ce ma kakanshi, baban maigidana, wai kar a yi shanyar hatsi gobe za a yi ruwa meteyo ta faɗa. Tsoho ya hau faɗa ya ce boko ta fara koya ma yara shiga gaibu, har ya ce a hidda shi daga lakwal. Da ƙyar anka lallashe shi kuma har yau in an taɓo zancen sai ya tashi. Ni dai na rasa bayan wa zan bi. Daga wata uwa, Tibiri.

AMSA: Hajiya Allah ya huci zuciyar Baba. Hukuncin addini ki kai ma malaminku na unguwa, ni alli na riƙe. Amma abin da na sani, Baba da kanshi ɗan meteyo ne tun kafin a haihi uban yaron. Wa ke cewa shamuwa ta iso damina ta kusa? Wa ke duba gawo ya ga ya fara zubar da ganye, ko ya ji iska ta juya ta koma hitowa daga kudu da dare ga gumi, ya ce a gyara kalme a hiddo iri? Ba wanda ya taɓa ce mishi ya yi duba, alama ya gani ya auna da abin da ya saba gani. Ma'aikatan meteyo na Yamai ma abin da suke yi ke nan, sai dai su da na'urori da hotunan tauraron ɗan adam da ke nuna musu hadarin tun shina can nesa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, mai nazarin yanayi da ruwa da noma, a 1974 anka kafa ta bayan farin nan da ya ci dabbobi da mutane, Baba zai tuna shekarun ya hi ni ba da labari. Kuma suna kuskure, sau nawa anka ce ruwa munka kwana muna fifita? Shi ya sa hasashe suke kiranshi. Alƙur'ani ma cikin Suratur Rum ya ambaci iskoki da Allah ke aikowa su tada girgije, to lura da iskar ba jayayya ba ce da Mai aiko ta.

Laihin yaron a bakinshi yake. Ɗan shekara 13 ya tsaya gaban kakanshi ya ce gobe za a yi ruwa kai tsaye, ba in Allah ya so ba komi, ko ni ne sai na harare shi. Ki koya mishi ya ce ana sa ran ruwa, wanda ma shi ya hi zama daidai a ilimin. Sannan ki ba shi kaye da bik ki tura shi wurin Baba bayan la'asar ya durƙusa ya ce an ba mu aiki a makaranta mu rubuto alamun damina daga bakin manya. Ina mai tabbatar miki sai an kira magariba bai gama ba shi ba.

TAMBAYA: Mushe ni ɗan katiryam ne daga Gidan Rumji. Malaminmu ya ce iskar da ke kawo ruwa daga teku take zuwa ta kudu maso yamma, amma ni duk hadarin da na gani daga gabas yake tasowa. Waye ke da gaskiya? Kuma in sama ta hi kusa da rana don mi ƙanƙara ke faɗowa daga can?

AMSA: Ɗana kai da malaminka duk kuna da gaskiya, kuma na ji daɗin tambayar ga ƙwarai. Iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa, wadda ke kaɗa maka riga da damina, ita ke zuwa daga tekun Gine ɗauke da laima. In rana ta gasa ƙasa sai iskar nan mai laima ta yi sama ta huce ta zama girgije, to can sama wajen kilomita 3 zuwa 4 akwai wata iskar mai ƙarhi da ke hitowa daga gabas, ita ke tura hadarin yamma. Ta kudu ta kawo kayan miya ta gabas ta ɗauki tukunyar. In kana da ɗan'uwa a Tasawa ko Damagaram ku yi alkawali, ranar da hadari mai ƙarhi ya taso musu ya bugo maka waya ka duba agogo, sau da yawa bayan ƴan awoyi za ka ga gabas ta yi baƙi. Wani lokacin kuma ya watse a hanya ku sha ƙura kawai.

Ƙanƙara kuma, rana na nesa da mu kilomita miliyan 150, hawa kilomita 10 bai rage komi ba. Ba daga sama iska ke ɗumi ba, rana ke gasa ƙasa ita kuma ƙasa ta gasa iskar da ke kanta, kamar tanda da waina. Duk kilomita guda da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, yi lissafi da kanka, in ƙasa na 40 nawa za a samu a kilomita 10? Shi ya sa bisa dutsen Bagzam a Ayar, da ya haura mita 2,000, ya hi Agadas sanyi. Ga ƙarin aiki: in ka ga walƙiya ka ƙirga sakan har ka ji ƙarar, kowane sakan 3 kilomita guda ne tsakaninku, don haske nan take yake isowa sauti kuwa mita 340 kawai yake ci a sakan. Amma daga cikin ɗaki za ka yi ƙirgar ka ji ko, ban da gindin icce ban da tsakiyar gona.

TAMBAYA: Baba Mushe ina wuni, da wayar mamana nike rubutowa, ina sizyam. Wai da gaske ne bakan gizo na shanye ruwa?

AMSA: Lahiya lau ɗiyata, ki gaida Mama. A'a ba ya shan komi, ko baki bai da. Hasken rana ne ke shiga ɗigon ruwa ya rarrabu kala-kala, kuma ba ya hitowa sai rana ta samu kafa ta leƙo, wato sai girgije ya yage ta wajenta, shi ya sa mutane kan gan shi lokacin da ruwan ke ɗaukewa sai su ɗora mishi laihi. Ki lura kullum rana na bayanki shi shina gabanki. Gobe da hantsi ki juya ma rana baya, ki guntsi ruwa ki fesa sama kamar yadda mai guga ke fesa ma kaya, ki duba cikin feshin da kyau, in bangon gabanki mai duhu ne ya hi hitowa. In kin gan shi ki rubuto min kala nawa kinka ƙirga, amma ki matsa nesa da shanyar Mama tukuna.